Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da Na Koyi Karɓa

Salama a gare ku, 'yan'uwa. A makon jiya na tsaya ne a inda aka sallamo maigidana daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama a shanye, magana kuma ba ta fita sai da ƙyar. Duk wanda ya taɓa yin jinya ya san cewa ranar sallama ce asalin aiki yake farawa. A asibiti akwai ma'aikatan jinya, akwai likita mai zagayowa, akwai maƙwabcin gado da za ku yi wa juna sannu. A gida kuwa daga ni sai shi sai yara, sai kuma dare.

Daren ne ya fi ba ni wahala. Da rana hannuna ba ya zama: wanka, wanki, juya shi a kan gado don kada bayansa ya yi gyambo, ba shi magani a kan lokaci, sallamar yara zuwa makaranta. Da zarar gida ya yi tsit na kwanta, sai lissafi ya tashi. Kuɗin haya. Kuɗin makaranta. Maganin da ya kusa ƙarewa. Wurin aikinsa, da suka ce za su jira shi amma ba su faɗi iya tsawon jiran ba. Daga nan sai tambayar da ta fi duka nauyi ta zo: idan ni ma na kwanta fa, wa zai ɗauke mu? Zuciyata ta riƙa bugawa har ina jinta a kunne. Nakan durƙusa in yi addu'a, amma ko a kan gwiwoyina lissafin nan nake ci gaba da yi, idona a rufe.

Ban daina zuwa sujada ba. Kowace Lahadi ina nan, sai dai na koma kujerar baya, kuma kafin fasto ya sa albarka na riga na fice. Wanda ya tare ni ya ce, "Yaya mai jiki?" amsata ɗaya ce: "Da sauƙi, mun gode Allah." An tashe ni a kan cewa mace ta gari takan rufa wa gidanta asiri, kuma shekara da shekaru ni ce mai kai wa wasu ziyara, ni ce mai tara gudummawa in wani ya shiga matsala. Na iya bayarwa. Yadda ake miƙa hannu a karɓa ne ban taɓa koya ba, don ba a taɓa bukatar in koya ba.

Wasu da suka lura da ramewata sukan ce mini, "Kada ki damu, 'yar'uwa, ai Littafi ya ce kada mu damu da komai." Gaskiya suka faɗa, kuma da kyakkyawar zuciya. Amma ina roƙon duk mai karanta wannan, in ka ga mutum cikin irin wannan hali, kada ka jefa masa aya ka wuce. Ni dai abin da hakan ya ƙara mini shi ne nauyi na biyu: ga damuwar, ga kuma jin cewa damuwar tawa rashin bangaskiya ce.

Wata dattijuwa a zumuntar mata ce ta fara karya wannan katanga. Gwauruwa ce, ta yi jinyar nata mijin shekaru kafin ya rasu, ba ta da yawan magana. Wata ranar Talata da hantsi sai ga ta a ƙofa. Ba ta tambaye ni me nake bukata ba, don ta san abin da zan ce. Ta gaishe da maigida, ta jawo kujera kusa da gadonsa, ta dube ni ta ce, "'Yata, je ki kwanta."

Na ce, "Mama, ai akwai wanki, ga maganinsa na rana."

Ta ce, "Nuna mini maganin. Wankin kuma ba zai gudu ba. Je ki kwanta, ina nan."

Na shiga ɗakin yara na kwanta da niyyar in ɗan rufe ido, ban farka ba sai da la'asar. Da na fito ina ta ba ta haƙuri, sai ta ce in buɗe 1 Sarakuna sura 19 in na sami sarari. A can ne annabi Iliya, bayan babbar nasarar da ya yi a Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya zauna a gindin itace yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. Ta ce, "Ki duba abin da Allah ya fara yi masa. Bai yi masa faɗa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika ya ba shi abin da zai ci, ya sāke barinsa ya kwanta. Sai daga baya aka yi magana." Da na karanta da dare, na ga wani abin kuma. Kukan Iliya shi ne, shi kaɗai ya rage. Allah ya amsa masa cewa akwai mutum 7,000 a Isra'ila da ba su durƙusa wa Ba'al ba, sa'an nan ya aike shi ya nemo Elisha. Wato cikin maganin da aka ba annabin har da mutane.

Ashe Mama ba ta tsaya nan ba. Ta kai maganarmu gaban dattawan ikkilisiya, kuma cikin kwanaki kaɗan gidanmu ya sauya. Likita ya rubuta wa maigida gashin ƙashi, amma fitar da shi daga ɗaki zuwa mota ya fi ƙarfina, saboda haka mun riƙa tsallake ranaku. Sai maza suka tsara kansu. Kowace ranar asibiti mutum biyu za su zo da sassafe kafin su wuce wurin aikinsu, su ɗaga shi, su sa shi a motar wani ɗan'uwa, su jira a gama, su dawo da shi. Wani saurayi daga ƙungiyar matasa ya ɗauki nauyin yi masa aski. Wata malamar makarantar Lahadi ta riƙa zama da ƙaramarmu tana duba mata aikin gida. An ce zumunta a ƙafa take, a shekarar nan na ga ƙafafun.

Ranar da na fara ganin mutanen nan sun tallabo mijina, ɗaya ta kafaɗa ɗaya ta ƙafa, suna ce masa, "Sannu Malam, a hankali," labarin Markus sura 2 ne ya faɗo mini. Shanyayyen nan na Kafarnahum bai kai kansa wurin Yesu ba. Mutum huɗu ne suka ɗauko shi, da suka rasa hanya saboda taro suka hau sama suka buɗe rufin suka zura shi. Markus ya ce Yesu ya ga bangaskiyarsu, su masu ɗaukar. Na sha jin wa'azi a kan wannan wuri, amma sai a lokacin na gane cewa akwai kwanakin da bangaskiyar mutum takan gaji, 'yan'uwansa su ɗauke shi da tasu har ya farfaɗo. A watannin nan bangaskiyar wasu ce ta riƙa kai ni gaban Ubangiji.

Akwai wata yamma da ba zan manta ba. Maigidana ya daɗe a ƙungiyar mawaƙa kafin ciwon, muryar ƙasa yake yi. Sai mawaƙan suka ce maimakon su yi koyon waƙa a majami'a a wannan mako, a gidanmu za su yi. Suka cika falo har waje. Aka jingina shi da matashi. Mutumin da tun da ya faɗi bai iya haɗa kalma uku a jere ba, da aka ɗauko wata tsohuwar waƙar yabo da ya sani tun yana yaro, sai na ga leɓɓansa suna motsi. Kafin a kai amshi muryarsa ta fito, kalma bayan kalma, baiti guda cur. Mai jagorar waƙar ya kasa ci gaba, ya sunkuyar da kai yana kuka. Yaranmu suka tsaya suna kallon babansu. Daga baya mai yi masa gashin ƙashi ta bayyana mini cewa an san wannan a likitance: shanyewar ɓarin dama yawanci daga ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa take, inda cibiyar magana take ga yawancin mutane, ita kuwa waƙa tana bi ta wasu hanyoyin, shi ya sa wasu da maganarsu ta ɗauke suke iya rera abin da suka haddace tun dā. Bayanin nata bai rage mini komai ba. Wanda ya tsara ƙwaƙwalwar da wannan hanya ta biyu shi na gode wa. A daren nan na yi dariya har da hawaye, ga bashin nan yana nan, ga hannun nan a shanye, amma farin cikin na gaske ne.

Tun da aka sami masu zama da shi, sai na koma nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba. Na tarar ana cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa, wani dattijo tsohon malamin makaranta ne yake bi da mu. Shi ba ya gaggawa. Kafin mu taɓa aya ɗaya sai da ya zaunar da mu a garin. Filibi tana Makidoniya, a arewacin ƙasar Girka ta yau, sunanta kuma daga Sarki Filibus na biyu ne, mahaifin Iskandari Mai Girma. A zamanin Bulus mazaunin Romawa ce, cike da tsofaffin sojoji. Ayyukan Manzanni sura 16 ta nuna yadda ikkilisiyar ta fara: mata masu taruwa a bakin kogi ranar Asabar don addu'a, cikinsu har da Lidiya mai cinikin tufafin shunayya, wadda ta buɗe gidanta ga manzannin. A garin nan ne aka yi wa Bulus da Sila dūka da sanduna, aka sa ƙafafunsu a turu, da tsakar dare kuma aka ji su suna addu'a suna waƙar yabo, sauran 'yan kurkuku suna saurare. Su biyu ne, in ji dattijon, ku lura da wannan, su biyu ne suke waƙar.

Bayan shekara 10 ko fiye, Bulus yana tsare kuma, yana jiran shari'ar da za ta iya ƙarewa da kisa. Mafi yawan masana na dā sun ce a Roma ne, wajen shekara ta 60 zuwa 62, inda Ayyukan Manzanni sura 28 ta ce ya yi shekara 2 a gidan da yake biya da kansa, soja yana gadinsa. Ɗaurarre a wancan zamani ya dogara ne ƙwarai ga abin da 'yan'uwa da abokai suka kawo masa. Sai Filibiyawa suka tara gudummawa suka ba wani ɗan'uwa, Abafaroditas, ya kai masa. Daga Filibi zuwa Roma tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, ta ƙasa da ta teku. Mutumin ya kamu da ciwo har ya kusa mutuwa. Kuma ba masu kuɗi ba ne suka aiko shi: a 2 Korintiyawa sura 8 Bulus ya shaida cewa ikkilisiyoyin Makidoniya suna cikin matsanancin talauci, duk da haka suka yi ta roƙo a bar su su ba da taimako.

Wannan wasiƙa mai sura 4 da kowa yake ɗauko ayar farin ciki daga cikinta, wasiƙar godiya ce ta mutumin da aka kawo wa taimako. Nan ne abin ya kama ni. A sura 4 aya 11 da 12 Bulus ya ce ya koyi zama da wadar zuci a kowane hali, ya san ƙunci ya san yalwa. A aya 13 ya ce yana iya yin komai ta wurin wanda yake ƙarfafa shi. Yawancinmu a nan muke rufe Littafin. Dattijon ya ce a karanta aya 14. Wata yarinya ta karanta: duk da haka, kun kyauta da kuka yi tarayya da ni cikin wahalata. Ya ce ta sāke karantawa. Sa'an nan ya ce, "Mutumin da ya fi kowa wadar zuci bai mayar da saƙon ba. Ya karɓa, ya yi godiya, har ya kira shi hadaya mai ƙanshi abar karɓa ga Allah. Ya kuma tuna musu cewa tun yana Tasalonika sun aika masa ba sau ɗaya ba."

Ya nuna mana wani abu kuma da ya sauke mini nauyi na biyun nan. Bulus ɗin da ya rubuta kada ku damu da komai, shi ne a sura 2 ya ce da Abafaroditas ya mutu da baƙin ciki ya taru masa a kan baƙin ciki, kuma yana hanzarin mayar da shi gida don nasa alhinin ya ragu. A 2 Korintiyawa sura 11, bayan ya lissafa bulala 39 har sau 5, da dūka da sanduna sau 3, da hatsarin jirgin ruwa sau 3, ya ƙara da damuwar dukan ikkilisiyoyi da take danne shi kowace rana. Ashe mai maganar ya san abin da yake magana a kai. Umarnin nasa yana gaya wa mai damuwa inda zai kai kayansa ne: ku sanar da Allah bukatunku ta wurin addu'a da roƙo, tare da godiya. Kuma da jam'i ya yi maganar, ga taron mutane da za a karanta wa wasiƙar a zaune wuri ɗaya.

Ba a daɗe ba wannan darasi ya biyo ni har gida. Dattijon da ma'ajin ikkilisiya suka zo da ambulan, baiko na musamman da aka yi dominmu ba tare da an faɗi suna a bagade ba. Jikina ya yi sanyi. Na san wasu daga cikin waɗanda suka sa hannu a ciki sun fi mu rashi. Na ce, "Baba, a kai wa wanda ya fi mu bukata, mu Allah zai rufa mana asiri."

Ya ce, "'Yata, to ai rufin asirin ke nan ya aiko. Shekara nawa kina kai wa mutane irin wannan? Kin taɓa jin daɗi in an mayar miki da shi? Kada ki hana 'yan'uwanki hadayarsu."

Na sa hannu biyu na karɓa. Maigida yana kallo daga gado, ya ɗaga hannunsa na hagu, ya yi ta ƙoƙari har ya fitar da kalma ɗaya: "Na gode."

Kada wani ya ɗauka ina cewa ikkilisiyarmu taron mala'iku ce. A cikin masu ziyara akwai wadda ta zaunar da ni ta ce in binciki gidana da kyau, irin wannan ciwo ba ya zuwa haka kawai, wataƙila akwai zunubin da ba a tuba ba. Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, kuma har yau ina ganin koyarwa ce mai cutarwa. Almajiran Yesu sun yi irin wannan tambaya a kan mutumin da aka haifa makaho, a Yohanna sura 9, ya ce musu ba shi ya yi zunubi ba, ba kuma iyayensa ba. Abokan Ayuba sun fi amfani a kwana 7 da suka zauna tare da shi ba su ce uffan ba. Amma ban bar zumunta saboda ita ba. A Filibi ma, ayoyi biyu kacal kafin a ce ku yi farin ciki kullum, Bulus yana roƙon mata biyu, Afodiya da Sintiki, su shirya tsakaninsu, yana kuma roƙon wani ya taimake su. Ikkilisiyar farko ta Urushalima, wadda ake yabon tarayyarta, ita ce a sura 6 ta Ayyukan Manzanni aka yi gunaguni a cikinta cewa ana manta da wasu gwauraye wajen rabo, har aka zaɓi mutum 7 su gyara. Da mutane irin waɗannan Allah yake aikinsa tun farko. Matar nan kuwa, daga baya tana cikin masu zuwa zama da maigida ranar Alhamis, kuma ba ta sāke ɗauko zancen ba.

Wurin aikin maigida daga ƙarshe suka sallame shi. Muka bar gidan da muke ciki muka koma ƙarami, na sayar da wasu kayan ɗakina. Da abin nan ya faru watanni kaɗan kafin haka, ina jin da ya kwantar da ni. Yanzu kuwa na yi kuka na kwana ɗaya, washegari matasa suka zo suka kwashe kaya. Wadar zuci, yadda na same ta, ba ta hana ni neman na kaina ba. A lokacin ne ma na ɗauko keken ɗinkina da ya daɗe a rufe na fara karɓar aiki, Bulus ma ai da ɗinkin tanti ya riƙa ciyar da kansa a Korinti. Abin da ta cire mini shi ne auna gidana da na wasu, da kuma jin cewa sai komai ya koma yadda yake a dā kafin in sami izinin yin murna. Annabi Habakuk ya rufe littafinsa da cewa ko itacen ɓaure bai yi toho ba, ko gonaki ba su ba da amfani ba, ko garke ya ƙare, shi zai yi farin ciki da Ubangiji. Na manna wannan wuri a bango kusa da keken.

Daren ma ya sauya, a hankali. Mama ta koya mini wani abu mai sauƙi: kafin in kwanta in rubuta abin da yake damuna a takarda, in karanta wa Allah shi da baki ɗaya bayan ɗaya, a ƙasa kuma in rubuta abin da ya yi mana a wannan yini, komai ƙanƙantarsa. Abin da yake na gobe in bar wa gobe, kamar yadda Yesu ya ce a Matiyu sura 6, wahalar kowace rana ta ishe ta. Ranar Laraba kuma nakan faɗi ɗaya daga cikin abubuwan takardar a gaban 'yan'uwa a yi addu'a tare. Wata ma'aikaciyar jinya a cikinmu da ta ji ina yawan ambaton ciwon kai da bugun zuciya ta auna ni, ta ce jinina ya hau, ta matsa sai da na ga likita aka ɗora ni a kan magani. Ina faɗar wannan don masu jinya da yawa suna faɗuwa a bayan majinyacinsu ba wanda ya lura. Addu'a da ganin likita ba kishiyoyi ba ne; Luka abokin tafiyar Bulus ma likita ne.

Hannun maigida na dama bai dawo ba har yau. Ƙafar ta dawo daidai yadda zai taka da sanda, kuma kafin shekarar ta ƙare ya shiga majami'a da kansa, a hankali, ya zauna a layin mawaƙa. Ni ma na bar kujerar baya, nakan tsaya bayan an tashi har sai an fara rufe tagogi.

Muna cikin wannan ɗan sauƙi ne babban ɗanmu, wanda yake ajin ƙarshe a sakandare, ya same ni a bakin keke wata Asabar ya ce, "Mama, ina da magana." Ya riga ya yanke shawarar barin makaranta ya nemi aiki don ya taimaki gida, har ya yi magana da wanda zai ɗauke shi. Yadda muka kwashe da shi, da abin da babansa ya yi da ya ji, shi zan kawo muku a mako mai zuwa in Ubangiji ya yarda.